Benjamin J. Davis Jr.

Benjamin Jefferson Davis Jr. (8 ga Satumba, 1903 – 22 ga Agusta, 1964), wanda aka fi sani da Ben Davis, lauya ne, ɗan jarida kuma ɗan siyasa baƙar fata ɗan ƙasar Amurka. Ya kasance ɗan majalisar birnin New York daga zaɓen shekarar 1943 har zuwa ƙarshen 1949, yana wakiltar gundumar Manhattan, kuma mafi yawan magoya bayansa suna unguwar Harlem. Shi ne baƙar fata na biyu da ya zauna a wannan majalisa, bayan Adam Clayton Powell Jr., kuma yana cikin 'yan Jam'iyyar Kwaminis ta Amurka ƙalilan da suka taɓa cin zaɓe da sunan jam'iyyar a fili. Ya ci zaɓe sau biyu a ƙarƙashin tsarin rabon kujeru gwargwadon ƙuri'u, ya faɗi a karo na uku bayan an soke tsarin. A shekarar 1949 wata kotun tarayya ta same shi da laifi a ƙarƙashin Dokar Smith, aka kore shi daga majalisa, daga baya ya yi fiye da shekara uku a gidan yari.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Davis a garin Dawson da ke jihar Jojiya, a kudancin Amurka, a lokacin da dokokin wariyar launin fata suka raba baƙaƙe da farare a makarantu, jiragen ƙasa, asibitoci da wuraren cin abinci. Iyalinsa sun koma birnin Atlanta yana yaro. Mahaifinsa, Benjamin Davis Babba, mutum ne mai hali da faɗa a ji a cikin baƙaƙen fatar Jojiya. Shi ne editan jaridar Atlanta Independent, jigo ne a ƙungiyar taimakon juna ta Odd Fellows, kuma ya wakilci jihar a kwamitin ƙasa na jam'iyyar Republican. Saboda haka Ben ya tashi cikin wadata, a gidan da siyasa ta zama abin tattaunawar yau da kullum.

Ya yi karatun sakandare a sashen share fage na Kwalejin Morehouse a Atlanta, sannan ya tafi arewa zuwa Kwalejin Amherst da ke jihar Massachusetts, inda ya sami digiri a 1925. Daga nan ya shiga Makarantar Koyon Shari'a ta Jami'ar Harvard, ya kammala a ƙarshen shekarun 1920. Ya ɗan taɓa aikin jarida kafin ya koma Atlanta ya buɗe ofishin lauya a 1932.

Shari'ar Angelo Herndon

A watan Yulin 1932 'yan sandan Atlanta suka kama wani matashi baƙar fata mai suna Angelo Herndon, ɗan kwaminis, wanda ya taimaka wajen shirya zanga-zangar marasa aikin yi, baƙaƙe da farare tare, domin neman tallafin gwamnati a lokacin babban karayar tattalin arziki. An tuhume shi da yunƙurin tayar da bore a ƙarƙashin wata tsohuwar dokar jihar wadda hukuncinta kan iya kaiwa ga kisa. Ƙungiyar International Labor Defense, mai alaƙa da 'yan kwaminis, ta ɗauki Davis da wani lauya baƙar fata, John Geer, su kare shi.

A shari'ar da aka yi a watan Janairun 1933, Davis ya ƙalubalanci yadda ake hana baƙaƙe zama cikin masu taimaka wa alƙali yanke hukunci, ya kuma nemi a daina kiran wanda yake karewa da kalmomin wulaƙanci a gaban kotu. Alƙali ya yi watsi da mafi yawan buƙatunsa. An yanke wa Herndon ɗaurin shekara 18 zuwa 20 tare da aiki mai tsanani. Sai a 1937 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu.

Wannan shari'a ce ta sauya rayuwar Davis. Domin ya kare Herndon sai da ya karanta littattafan da aka kama matashin da su, ga kuma cin mutuncin da ya sha a kotu duk da digirinsa na Harvard. Tun kafin a gama shari'ar ya shiga Jam'iyyar Kwaminis, bai fita daga cikinta ba har ya mutu.

Aiki a Harlem

A 1935 Davis ya koma New York ya zauna a Harlem, unguwar da ta fi kowace yawan baƙaƙen fata a birnin. Ya zama editan jaridar Negro Liberator, daga baya ya koma Daily Worker, babbar jaridar jam'iyyar. Ya yi rubuce-rubuce kan kisan gillar da gungun farare ke yi wa baƙaƙe a kudu, da shari'ar samarin Scottsboro, da tsadar haya, da yadda shagunan titi na 125 ke sayar wa baƙaƙe kaya amma ba sa ɗaukar su aiki. Sannu a hankali ya zama shugaban jam'iyyar a Harlem kuma ɗan kwamitinta na ƙasa. A wannan lokaci ya ƙulla hulɗa da Adam Clayton Powell Jr., limamin majami'ar Abyssinian Baptist, da kuma mawaƙi Paul Robeson, wanda ya zama amininsa.

Tsarin zaɓen majalisar birni

Ba a fahimtar nasarar Davis sai an san tsarin da aka zaɓe shi da shi. Kafin 1937, majalisar dokokin birnin New York tana da kujeru 65, kowace mazaɓa da wakili ɗaya, wanda ya fi yawan ƙuri'a ya ɗauke kujerar. Wannan ya bai wa jam'iyyar Democrat, wadda a Manhattan ƙungiyar Tammany Hall ke juya akalarta, damar mamaye majalisar kusan baki ɗaya. A zaɓen 1935 ta sami kimanin kashi biyu cikin uku na ƙuri'u amma ta kwashe kujeru 62.

A 1936, zamanin magajin gari Fiorello La Guardia, masu zaɓe suka amince da sabon kundin tsarin mulkin birni tare da tsarin rabon kujeru gwargwadon ƙuri'u. Kowace daga cikin gundumomi biyar na birnin ta zama mazaɓa guda mai wakilai da yawa. Mai zaɓe ba ya dangwala wa mutum ɗaya, sai dai ya rubuta 1 a gaban wanda ya fi so, 2 a gaban na biye, haka har inda ya ga dama. Gunduma tana samun kujera ɗaya a kan kowace ƙuri'a 75,000 da aka kaɗa, da ƙarin kujera idan ragowar ta kai 50,000, don haka yawan 'yan majalisa yana hawa da sauka gwargwadon fitowar jama'a. Wajen ƙidaya, ɗan takarar da ya kai 75,000 ya ci. Daga nan sai a riƙa cire wanda ya zo na ƙarshe, a raba takardunsa ga waɗanda masu zaɓensa suka sa a matsayi na gaba, har sai waɗanda suka rage sun yi daidai da yawan kujerun. Ƙidayar kan ɗauki kwanaki.

Amfanin tsarin ga ƙananan ƙungiyoyi shi ne, ɗan takara ba ya bukatar rinjaye a wata unguwa guda. Yana iya tattara ƙuri'unsa daga ko'ina cikin gundumar. Ta wannan hanya ce Powell ya zama baƙar fata na farko a majalisar a 1941, a shekarar da Peter Cacchione na Brooklyn ya zama ɗan kwaminis na farko da ya shige ta.

Zaɓen 1943

A 1943 Powell ya bar kujerarsa domin neman shiga majalisar wakilan tarayya daga sabuwar mazaɓar da aka yanka wa Harlem. Jam'iyyar Kwaminis ta tsayar da Davis, Powell kuma ya mara masa baya. Yanayin lokacin ya taimake shi. Amurka da Tarayyar Soviet suna kawance a Yaƙin Duniya na Biyu, saboda haka ƙyamar kwaminisanci ta ɗan lafa. A gefe guda kuma ran mutanen Harlem a ɓace yake. A farkon watan Agustan shekarar, tarzoma ta ɓarke a unguwar bayan wani ɗan sanda farar fata ya harbi wani soja baƙar fata, mutum shida suka mutu.

Davis ya gina yaƙin neman zaɓensa a kan hayar gidaje, farashin abinci, cin zalin 'yan sanda da wariya a wuraren aiki. Mawaƙa da makaɗa da dama sun fito sun goya masa baya. Makaɗin piyano Teddy Wilson ya jagoranci kwamitin masu fasaha, kuma a babban gangamin da aka yi a zauren Golden Gate na Harlem, Paul Robeson da Hazel Scott da Billie Holiday suna cikin waɗanda suka nishaɗantar da jama'a.

Da yake maza da yawa suna fagen daga, fitowar masu zaɓe ta yi ƙasa, majalisar ta ragu zuwa kujeru 17. Davis ya gama ƙidaya da ƙuri'u fiye da 40,000, ya sami ɗaya daga cikin kujerun Manhattan. Ƙuri'unsa sun fito daga Harlem da kuma unguwannin ma'aikata farare, musamman Yahudawa masu ra'ayin sauyi da 'yan ƙungiyoyin ƙwadago. Da shi da Cacchione, 'yan kwaminis suka zama biyu a majalisar.

Aikinsa a majalisa

Majalisar birnin ba ta da ƙarfi sosai a wancan lokaci, domin kasafin kuɗi da manyan kwangiloli suna hannun magajin gari da wata hukuma dabam. 'Yan Democrat kuma su ne masu rinjaye. Don haka mafi yawan ƙudurorin da Davis ya gabatar ba su zama doka ba. Abin da ya fi yi shi ne amfani da kujerar wajen tona matsaloli da tilasta wa hukumomi su amsa. Ofishinsa na Harlem ya zama wurin da masu haya da aka yi wa barazanar kora da waɗanda 'yan sanda suka doka ke kai kuka.

Babbar gwagwarmayarsa ita ce ta rukunin gidajen Stuyvesant Town. A 1943 birnin ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin inshora na Metropolitan Life domin gina dubban gidaje a gabashin Manhattan, aka yi wa kamfanin rangwamen haraji na shekara 25. Shugaban kamfanin, Frederick Ecker, ya bayyana a fili cewa ba za a ba baƙaƙe haya a wurin ba. Davis ya haɗa kai da Stanley Isaacs, ɗan Republican mai sassaucin ra'ayi, suka samar da dokar 1944 wadda ta hana wariya a gidajen da za a gina nan gaba da rangwamen harajin birni. Dokar ba ta shafi Stuyvesant Town ba, tunda an riga an sa hannu a yarjejeniyarsa, saboda haka Davis ya ci gaba da matsa lamba a kai har ƙarshen zamansa a majalisa.

Ya kuma shiga gaba wajen neman a buɗe wa baƙaƙe manyan ƙungiyoyin wasan baseball, waɗanda uku daga cikinsu suke New York a lokacin. Ya kai maganar zauren majalisa, ya sa ta cikin takardun yaƙin neman zaɓensa na 1945, yana nuna cewa baƙaƙe suna mutuwa a yaƙi domin ƙasar amma an hana su filin wasa. A watan Oktoban shekarar ƙungiyar Brooklyn Dodgers ta sa hannu da Jackie Robinson. Matsin lambar ya fito daga ɓangarori da yawa, ciki har da jaridun baƙaƙen fata da sabuwar dokar jihar New York mai hana wariya wajen ɗaukar aiki, amma Davis yana cikin masu riƙe da muƙami da suka fi ɗaga murya.

Zaɓen 1945

Farin jinin Davis a Harlem ya kai ga cewa a farkon kakar zaɓen 1945 shugabannin Democrat na Manhattan suka amince su mara masa baya. Ba a daɗe ba suka janye, bayan suka da ta taso daga ciki da wajen jam'iyyarsu. A daidai lokacin ita ma Jam'iyyar Kwaminis tana cikin rikici. An tuɓe shugabanta Earl Browder, wanda ya nemi sassauci da haɗin kai da manyan jam'iyyu, aka ɗora William Z. Foster mai tsattsauran ra'ayi. Davis, wanda a da yake tare da Browder, ya bi sabon shugabancin.

Duk da haka ya sake cin zaɓe, da ƙuri'u fiye da 60,000, wato ya zarce abin da ya samu a 1943. Sabuwar majalisar tana da kujeru 23: Democrat 14, Republican 3, sai jam'iyyar American Labor da ta Liberal da ta Kwaminis kowace da biyu. Daga wannan zaɓe aka mayar da wa'adin ɗan majalisa shekara huɗu maimakon biyu. A 1946 jam'iyyarsa ta tsayar da shi takarar babban lauyan jihar New York, bai yi nasara ba.

Soke tsarin rabon kujeru

Da yaƙi ya ƙare, kawancen Amurka da Tarayyar Soviet ya rikiɗe ya zama yaƙin cacar baka. Shugabannin manyan jam'iyyu a New York, waɗanda tun farko ba sa son tsarin rabon kujeru domin ya rage musu iko, sun yi yunƙurin soke shi a 1938 da 1940 ba su yi nasara ba. A 1947 suka sake kawo maganar, a wannan karo suna nuna Davis da Cacchione a matsayin hujjar cewa tsarin ƙofa ce ga 'yan kwaminis. A ƙuri'ar raba gardama ta watan Nuwamba, kimanin mutum 935,000 suka zaɓi a soke, kimanin 586,000 suka ce a bar shi. Kwanaki kaɗan bayan haka Cacchione ya rasu, majalisar kuma ta ƙi amincewa da Simon Gerson, wanda jam'iyyar ta gabatar ya gaje shi. Davis ya rage shi kaɗai.

Shari'ar Dokar Smith da zaɓen 1949

A watan Yulin 1948 gwamnatin tarayya ta tuhumi shugabannin Jam'iyyar Kwaminis 12, har da Davis, a ƙarƙashin Dokar Smith ta 1940. Ba a zarge su da ɗaukar makami ba. Tuhumar ita ce sun haɗa baki domin koyarwa da kira ga kifar da gwamnati da ƙarfi. An ware Foster saboda rashin lafiya, aka gurfanar da sauran 11 a kotun tarayya ta dandalin Foley a Manhattan, a gaban alƙali Harold Medina. Shari'ar ta ɗauki kusan wata tara. Masu gabatar da ƙara sun dogara da littattafan Marx da Lenin da kuma shaidar masu leƙen asiri da hukumar FBI ta dasa a cikin jam'iyyar. A ranar 14 ga Oktoba, 1949, aka same su duka da laifi. An yanke wa Davis ɗaurin shekara biyar da tarar dala 10,000.

Ana cikin wannan hali zaɓen majalisar birni ya zo, a ƙarƙashin sabon tsari na mazaɓa ɗaya wakili ɗaya. Mazaɓar da Davis ya tsaya ta haɗa wani ɓangare na Harlem da unguwannin farare da ke maƙwabtaka da ita, kuma ƙuri'un da yake samu daga sauran sassan Manhattan sun fita daga lissafi. Jam'iyyun Democrat da Republican da Liberal suka haɗu a kan ɗan takara guda, Earl Brown, ɗan jarida baƙar fata wanda shi ma ya yi karatu a Harvard. An ba da belin Davis kwanaki kaɗan kafin zaɓe. Brown ya kayar da shi da kusan ninki uku na ƙuri'unsa. A faɗin birnin, 'yan Democrat suka ɗauki kujeru 24 cikin 25, Stanley Isaacs ne kaɗai ya tsira daga ɓangaren adawa.

Wa'adin Davis zai ƙare ne a ƙarshen Disamba, amma majalisar ba ta jira ba. A ƙarshen Nuwamba ta kore shi, bisa dokar jiha da ta ce wanda aka samu da babban laifi ya rasa muƙaminsa. A 1951 Brown da Isaacs suka samar da dokar da ta hana wariya a dukan gidajen da birnin ya tallafa wa, har da Stuyvesant Town, wato abin da Davis ya shafe shekaru yana nema.

Gidan yari da ƙarshen rayuwa

A watan Yunin 1951 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin da rinjayen alƙalai shida a kan biyu, a shari'ar da aka sani da sunan Eugene Dennis, babban sakataren jam'iyyar. An kai Davis gidan yarin tarayya na Terre Haute a jihar Indiana, inda ya yi fiye da shekara uku. Yana tsare ya shigar da ƙara yana ƙalubalantar raba fursunoni baƙaƙe da farare. Da aka sake shi a 1955, sai aka wuce da shi Pittsburgh ya yi ƙarin wata biyu saboda raina kotu, domin ya ƙi ambata sunayen 'yan jam'iyya lokacin da ya ba da shaida a wata shari'a. Bayan fitowarsa ya yi aure, ya sami 'ya ɗaya.

Jam'iyyar da ya tarar ta riga ta raunana. A 1956, bayan jawabin Nikita Khrushchev da ya fallasa ta'asar Stalin da kuma murƙushe boren Hungary da sojojin Soviet suka yi, dubban mambobi suka fice. Davis ya tsaya tare da ɓangaren Foster mai biyayya ga Moscow, ya yi adawa da masu neman gyara irin su John Gates, daga baya ya zama sakataren jam'iyyar na ƙasa. A 1962 aka sake tuhumarsa tare da Gus Hall da laifin ƙin yi wa jam'iyyar rajista a ƙarƙashin Dokar McCarran. Ya rasu a New York ranar 22 ga Agusta, 1964, sakamakon ciwon dajin huhu, kafin a yi shari'ar. Yana da shekara 60.

Yadda ake kallonsa

Ra'ayoyi sun bambanta a kan Davis tun yana raye. Magoya bayansa suna ganin sa a matsayin wanda ya bar gata da dukiya ya tsaya wa talakawan Harlem, wanda kuma aka ɗaure saboda ra'ayinsa. Suna nuni da cewa a 1957, a shari'ar Yates, Kotun Ƙoli ta taƙaita Dokar Smith ta yadda koyar da aƙida kawai bai isa a ɗaure mutum ba. Masu sukarsa, ciki har da shugabannin ƙungiyar NAACP na zamaninsa, sun ce ya ɗora bukatun Tarayyar Soviet a kan na baƙaƙen Amurka, yana sauya matsayi duk lokacin da jam'iyyar ta sauya, kamar yadda ya faru bayan yarjejeniyar Stalin da Hitler a 1939 da kuma bayan Jamus ta kai wa Soviet hari a 1941. Suna kuma tuna cewa jam'iyyarsa ta goyi bayan amfani da Dokar Smith a kan mabiya Trotsky a Minneapolis a 1941, shekaru kaɗan kafin dokar ta juyo kanta.

Masu nazarin tsarin zaɓe kan kawo labarinsa a matsayin misalin yadda dokar ƙidayar ƙuri'a ke yanke wanda zai sami wakilci, da yadda manyan jam'iyyu kan sauya dokar idan sakamakon bai yi musu daɗi ba. Tarihin rayuwarsa da ya rubuta a gidan yari, wanda hukumomi suka riƙe har bayan mutuwarsa, ya fito a 1969 da sunan Communist Councilman from Harlem. Masanin tarihi Gerald Horne ya wallafa littafi a kansa a 1994.